Manomi Mai Agogo a Bangon Magaza

Mutane da yawa in sun yi laifi a ɗaki suke ɓoye shi. Ni nawa da fenti na zana shi a jikin bango, a bakin hanyar rijiya, inda duk mai ɗaukar tulu sai ta wuce safe da yamma. Yanzu da furfura ta cika mini kai ina so in faɗi yadda abin ya kasance, domin jikokina suna jin labarin a bakin mutane, kuma masu ba da shi suna sassauta mini fiye da yadda na cancanta.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Mayahi. In ka hau jaki da sassafe kana isa kasuwar Sarkin Hausa kafin rana ta yi zafi. Ni ne auta a ɗakinmu, kuma ni kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko. Shekara biyar na yi, na faɗi jarrabawar satifika, na dawo gida ina iya karanta wasiƙa, ina kuma iya zane. Zanen a littafin karatu na koye shi. Akwai hoton wani manomi da iyalinsa a ciki, na yi ta kwafarsa a bayan kaye, littafin rubutuna, har na daina buƙatar dubawa. Na dawo da ƙyuya ma, amma ita ban san na ɗauko ta ba. A ganina wanda ya riƙe alƙalami ya wuce riƙon hauya.

Babanmu ya rasu a shekarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin da dabbobi suka ƙare, muka rayu da jar dawar taimako da ake rabawa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ya bar gandu a hannun yayana, wato gonar gida da kowa ke nomawa tare, a ci daga rumbu ɗaya. Yaya ya girme ni da shekara takwas. Mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba, kuma in ya yi ɗaya ba ya maimaita ta. A gidan akwai Inna, akwai matar Yaya da goyon ɗanta na fari, sai ni, ƙato mai shekara ashirin da ɗoriya, da farar riga da agogon hannu. Agogon ba ya aiki. Wani ɗan ci-rani ne ya bar mini shi, kuma tun ranar da na ɗaura shi yana kan ƙarfe huɗu. Matar Yaya ita ta laƙaba mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, kuma ba ta taɓa wucewa ta gabana ba ta tambaye ni ƙarfe nawa ba.

A lokacin sojoji ne ke mulki. Saboda wahalar da aka sha, gwamnati ta sa aka gina magaza a ƙauyuka, a riƙa ajiye iri da hatsi don kada yunwa ta sake samun mutane hannu wofi. Namu da laka aka gina shi, aka shafe gabansa da siminti, ya yi fari tas. Sai labari ya zo cewa kumandan, babban jami'in gwamnati na Mayahi, zai zo ya buɗe shi da kansa. Sarkin samarinmu ya je Attantane ya ga sun yi zane a bangon nasu, ya dawo hankalinsa a tashe. Ya same ni a gindin bedi da gwangwanin fenti uku, kore da ja da baƙi.

"Mushe, mutuncin gari yana hannunka," ya ce. "Manomi muke so da iyalinsa suna aiki. Ya zama ya fi na Attantane girma."

Ruwa ya sauka da kyau a wannan shekarar. An gama shuka, hatsi ya fito, ciyawa ta fito tare da shi, noman farko ya kama. Na sami Yaya yana wasa bakin hauya na roƙe shi ya ɗauke mini aikin gandu.

"Kwana nawa?"

"Bakwai, Yaya. Aikin gwamnati ne."

"Ciyawa ba ta san kumandan ba," ya ce. Ya ci gaba da wasa hauyarsa, can ya ƙara da cewa, "Bakwai ɗin."

Abu na farko da na yi shi ne na sa aka kafa zana a gaban bangon, wai kada a ga aiki kafin ya kammala. Gaskiyar magana zanar ta ba ni inuwa, ta kuma ba ni daraja. Tsofaffi suka riƙa zama a waje suna tambaya ta bayan zana ko na kai ga jakin. Ƴan mata in za su rijiya sai su rage tafiya. Matar mai gari tana aiko mini da fura mai nono kowane hantsi. Ban taɓa jin daɗin damina irin wannan ba.

A kwana na shida na gama. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Hoton littafin lakwal na ɗora a bangon yadda yake: manomi ya duƙa da gajeriyar hauya, hatsi a bayansa ya yi zangarniya manya-manya, matarsa tana zaune a tabarma ta harɗe hannuwa tana murmushi, yara biyu masu ƙiba, da jaki. Da na zo kan fuskar manomin sai na rasa wadda zan sa. Akwai guntun madubi a aljihuna. Na duba, na ga ba ta da laifi, na sa tawa, har da wushiryata. Na bar masa riga fara. Daga ƙarshe na zana masa agogo a hannun hagu.

Da na gama ban fito ba. Na ci gaba da shiga bayan zana kowace safiya, in taɓa gajimare da buroshi, in kwanta. Kwana bakwai suka zama ashirin da uku. Duk wannan lokacin Yaya da Inna da matarsa su uku suke ture ciyawar da ta kamata mu ture mu huɗu. Da yamma in sun dawo ina zaune na shafa ɗan fenti a goshi don a ga na wahala.

"Mushe, sannu da aiki," matar Yaya takan ce tana sauke goyo. "Ko in gasa maka baya? Na ji an ce kwanciya tana sa ciwon ƙugu."

Yaya kuwa sai ya jingine hauyarsa ya wuce. Na ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Ranar da kumandan zai zo an share gari, an yayyafa ruwa, makaɗa sun zo daga Gidan Amumune. Motarsa ta iso bayan azahar, shi da tafinta da sojoji biyu. Aka yi jawabai, aka yanke ƙyalle a ƙofar magaza, sannan sarkin samari ya sa aka kwantar da zanar.

Kowa ya zuba wa bangon ido. Sai wata tsohuwa ta ce, "Wanga ba autan gidan marigayi ba ne?" Dariya ta fara daga wajen mata, ta bi ta tsofaffi, kowa yana danne ta saboda sojoji. Ina jin maganganu ƙasa-ƙasa a bayana.

"Wace irin hauya ce wannan? Mu nan a tsaye muke noma."

"Ta mutanen kudu ce. In ka duƙa haka a yashinmu, kaka za ta same ka a kunya ta uku."

"Hatsi ya nuna shi kuma yana noman farko."

"Ku dubi matar. A wane gari take? In koma can."

"Jakin kuwa kura ce ta haife shi."

Ni da aka haifa a cikin gonar hatsi, ban taɓa lura cewa hauyar littafi ba irin tamu ba ce. Tamu doguwar ƙota gare ta, ta fi tsawon mutum, bakinta kamar jinjirin wata, a tsaye ake tura ta gaba a ƙarƙashin yashi. Ina ganinta kullum a jingine a zaurenmu, amma ban taɓa kallonta ba.

Kumandan baƙo ne a ƙasarmu, kuma hoton ya burge shi. Ya tsaya a gabansa ya riƙe ƙugu, ya yi magana, tafinta ya juya: irin wannan manomin ƙasa ke bukata, mai tsabta, mai lura da lokaci. Ya tambaya ko akwai mai wannan fuskar a garin. Sarkin samari ya turo ni gaba. Kumandan ya dubi bango, ya dube ni, ya kama hannuna ya girgiza. Ya sa aka ɗauko sabuwar hauya daga cikin waɗanda ya zo da su don rabawa, ya miƙa mini a gaban kowa, ya ce kyauta ce ga manomin da ya fi kowa himma a garin.

Nan ne laifina yake. Kwana ashirin da uku ƙuruciya ce, hoton kuma wauta. Amma a wannan lokacin na hangi Yaya a can bayan taro, ya taho daga gona kai tsaye, ƙafafunsa fari fat da ƙasa, rigarsa ta manne a bayansa. Magana guda ta isa. In ce, ranka ya daɗe, ga mai noman can. Faransancina ya kai in faɗe ta ba tare da tafinta ba. Na sa hannu biyu na karɓi hauyar, na ce na gode, makaɗa suka kama kiɗa.

Kwana uku Yaya bai ɗaga zancen ba. A na huɗu da safe na ga ya dawo daga daji da dirkoki a kafaɗa, ya zube su a bayan ɗakina, ya auna ƙasa da ƙafa, ya fara haƙa ramuka.

"Yaya, mi za a yi nan?"

"Rumbu."

"Ai namu bai lalace ba."

"Naka ne. In an yi girbi gandu ya rabu. Ka ɗauki gonar tudu, in riƙe ta kwari. Kai manomin gwamnati ne, bai kamata ka ci daga rumbun irinmu ba."

Ya faɗa ba da fushi ba, kamar mai cewa gobe Laraba. Wanda bai san ƙauye ba zai ga raba gandu ƙaramin abu ne, tunda ana yi in gida ya yi yawa. Amma a raba shi Baba bai shekara uku a ƙasa ba, kuma da wanda ko aure bai yi ba, wannan kora ce da aka naɗe a tabarma. Na san gonar tudu, na kuma san hannuna. In aka bar ni da ita, kafin bazara zan riƙa zagaya gidajen mutane lokacin tuwo. Inna ta daina cin abinci sosai. Ta yi masa magana sau ɗaya, ya ce, "Inna, ke rumbuna naki ne," ya fita.

Na ba shi haƙuri da baki. Na aika masa liman. Na kai masa hauyar kumandan na ce ya riƙe, tasa ce. Ya jingine ta a ƙofar ɗakina ya wuce. Matar Yaya ce ta tsaya a kaina wata rana tana tankaɗe, ta ce, "Mushe, kai fa da baki kake ba da haƙuri, shi kuwa kullum in zai tahi masallaci sai ya wuce ta gaban agogonka."

Sai na ƙudura zan gyara hoton. Tunda an yi mini dariyar hauya, na ce wannan karon sai na ga abin da idona. Lokacin an shiga maimai, noma na biyu. Na ɗauki kaye da alƙalami na bi su gona, na sami gindin gawo na zauna, na buɗe kaye a gwiwa. Yaya ya kai ƙarshen kunya ya juyo ya same ni.

"Mi kake yi?"

"Ina son in ga yadda ake riƙon hauya, in zana daidai."

"Ba a zama a gonata. Ko ka koma gida, ko ka ɗauko kyautarka ka gani da kyau."

Na koma na ɗauko ta. Yinin farko na sare hatsi ya fi ciyawa. Inna tana bina tana tsayar da wanda bai mutu ba, tana cewa, "Auta, a hankali, wannan shi za mu ci." Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando, farar rigata ta koma launin tukunya. Matar Yaya ta iso da fura a ka da yaro a baya, ta sauke, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙarfe nawa, Mushe?"

"Huɗu," na ce.

"To saura kaɗan a tashi ke nan. Yi haƙuri, rana ce ba ta da agogo."

Har Yaya sai da ya juya baya, na ga kafaɗarsa tana motsi.

Ba zan ce na zama manomi a wannan daminar ba. Sau biyu na yi ƙaryar zazzaɓi, sau ɗaya na ɓuya a cikin sabara na yi barci har tururuwa suka tashe ni. Amma na gama maimai tare da su, kuma da yake ni ne kullum a baya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ga Yaya ba da hannu yake tura hauya ba, da ƙugu ne, hannun jagora kawai yake yi. Na ga kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, da facin shuɗin ƙyalle a inda ƙota ta cinye rigar. Na ga matarsa in ta sauke fura ba ta zama, sai ta gyara goyo ta ɗauki hauya ta shiga kunya. Na ga Inna in an tashi daga gandu ba gida take zuwa ba, sai ta ratse zuwa gamanarta, ƴar gonarta ta kanta, ta duƙa cikin wake da kuɓewa har rana ta yi ja. Na ga a wannan lokacin na shekara kowa ramewa yake yi, domin tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai zo ba, furar ma ruwa ya fi yawa.

Daga baya na ga hotunan manoma da yawa, a kalandar masu taki, a bangon ofisoshi a Tasawa da Maradi, a bayan manyan motoci. Kusan duka irin nawa na farko ne. Mutanen ciki sun ƙoshi, rigunansu wankakku, suna dariya har kunne, shuka da girbi duk a rana ɗaya. Ba na zagin masu yin su. Na san daga inda ake yin irin wannan zanen, tunda na kwana ashirin da uku a wurin.

Ranar Juma'a ba a zuwa gandu, don haka Juma'a-Juma'a na riƙa gyaran bango, kuma ban kafa zana ba. Koren fenti ya ƙare, jan ma saura kaɗan a gindin gwangwani. Na shafe tsohon hoton da farar ƙasa, na daka gawayi da jar laka na kwaɓa da ƙaro. Rashin zana ya sa duk garin suka zama malamaina. Mai wucewa zai tsaya ya ce ƙotar ta yi gajarta. Wani ya ce hatsin maimai iyakarsa gwiwa. Maƙerin garinmu ya karɓi buroshi da kansa ya gyara bakin hauyar, ya ce ba zai yarda a ce shi ya ƙera wancan ba. Jakin kuwa shawara aka yi aka ce in bar shi ya tafi.

Na tambayi Yaya ko zai tsaya in zana fuskarsa. Ya ce fuskarsa ba ta bango ba ce. Sai na zana shi yadda na fi saninsa, ta baya: a tsaye, hauya a gaba, kafaɗa ɗaya a sauke, da facin nan, wanda na yi da shuɗin bula na wanki. Ban gama ba wani tsoho ya ce, "Ga babban ɗan gidan marigayi nan." Na sa matarsa a kunya ta biyu da goyo, ƙwaryar fura a ajiye a gefe. Na sa Inna a can gefe a duƙe cikin wake. Ta zo ta duba ta ce na tsofar da ita, kuma wannan zanen da na ɗaura mata ba shi ne mai kyan ba. Matar Yaya ta ce na rage mata tsawo da gangan.

Ni ma ina ciki. Na sa kaina a can baya, ƙarami, a zaune a ƙasa ina cire ƙaya daga ƙafa, hauya a yashe. Mutane sun ji daɗin wannan ƙwarai, har ana kawo baƙi su gani. Sai dai tunda gaskiya na zauna faɗa, ko a nan ma na ɗan gyara wa kaina hanci.

Yaya bai tsaya ya duba ba ko sau ɗaya, a iya sanina. In zai wuce sai ya kafa ido a hanya. Rumbun kuma bai fasa ba. Ya saƙa zanarsa da gamba, ya ɗora a kan dirkoki, ya yi masa jinka mai kyau, har ya fi tsohon kyau. Kullum in na fito daga ɗaki da shi nake fara gaisawa.

Kaka ta zo da albarka. Muka yanke zangarniya, muka shanya, muka ɗaure dammuna. A al'adarmu ranar da ake kwaso hatsi gida ita ce ranar da ake sanin komi, domin inda mai gandu ya nuna a sa dami, nan ne maganar ta tsaya. Muka yi ta jigila da jakunan aro tun safe, muna tarawa a tsakar gida, tsakanin rumbunan biyu. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta da carbi, ta ce kanta ke ciwo. Matar Yaya ma ranar ba ta tsokane ni ba, abin da ya fi komi tayar mini da hankali.

Da aka sauke kaya na ƙarshe Yaya ya sha ruwa, ya goge baki, ya ɗage jinkar tsohon rumbu ya jingina tsani.

"Hau ka shiga," ya ce mini.

Shiga rumbu a jera dami shi ne aikin da kowa ke gudu. Ciki zafi kamar tanda, ƙaiƙayin hatsi yana shiga wuya da hammata da inda ba a faɗa. Na tuɓe riga na shiga. Ya riƙa miƙo dami ina jerawa. Na san dammunan gonar kwari, da igiyar kaba aka ɗaure su. Na tudu da bawon kalgo muka ɗaure, don kabar ta ƙare. Ina karɓa ina duban igiya. Kaba, kaba, kaba. Rumbu ya kai mini ƙugu. Sai ga dami ya taho da bawon kalgo.

Na riƙe shi ban ajiye ba. Na leƙo ta bakin rumbu.

"Yaya, wannan na tudu ne."

"Na sani. Jera."

"Sabon rumbun fa?"

"Inna ba ta da wurin zuba wakenta."

Daga ƙofar ɗaki na ji Inna ta ce wa matar Yaya ta ɗora tukunya, yunwa take ji. Na jera damin, na sake leƙowa, ƙaiƙayi yana cina, idona yana ruwa, wanda zan iya cewa ƙurar hatsi ce. Na fara haɗa wata doguwar godiya irin ta ƴan lakwal, ya katse ni.

"Bana dai," ya ce. "Baɗi sai mun ga hannunka."

Ya sunkuya ya ɗauko wani damin, ya ɗaga shi sama, sai ya tsaya da shi a kafaɗa.

"Kuma a bangon can ka sa mini ƙafar hagu a gaba. Ni da dama nake shiga kunya."

"Zan gyara ranar Juma'a, Yaya."

"Juma'a akwai roron wake. Karɓi."